Wa Ke Raba Rumfuna A Kasuwar Cikin Waya?

Maganar da muka ɗauko a wannan wata tana da nauyin faɗi, saboda haka tun da farko muna neman gafarar iyayenmu da malamanmu. Amma dai an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Duk wanda ya taɓa neman rumfa a babbar kasuwar Ngawundere ko ta Garwa ya san ba kyan kaya kaɗai ke kawo ciniki ba. Mai rumfar bakin ƙofa, ko atamfarsa ba ta kai ta wani ba, shi ake fara tayawa. Wanda aka tura can ƙurya kusa da masu gawayi kuwa, sai ya wuni yana korar ƙuda. Haka abin yake a tashar jirgin ƙasa idan jirgin Yawunde ya iso da safe: 'yar tallar da ta sami bakin hanyar fita ita ce ke fara juye farantinta. Shi ya sa rabon rumfa ba ya rabuwa da rigima. To amma a kasuwarmu an san mai rabon. Yana da suna, yana da gida, in ya yi son kai ana iya kai kukansa wurin magajin gari ko fadar Lamiɗo.

Akwai wata kasuwar da yanzu take cikin aljihun kowa, wadda ita ma rumfuna ne jere, wasu a bakin ƙofa wasu a ƙurya. Mai rabon rumfunanta ba mutum ba ne, wani lissafi ne da kamfani ya ɗora wa na'ura, wanda Turawa ke kira algoridim. Shi ne ke yanke wanda za a fara gani idan an buɗe waya, da wanda ba za a taɓa gani ba. Domin mu fahimci aikinsa sosai, dole mu leƙa inda ya fi nuna halinsa ƙarara, ko da yake wurin ba mai daɗin ambato ba ne.

A intanet akwai wasu shafuna na batsa inda mata, har da maza, ke zama gaban kyamara kai tsaye, masu kallo daga ko'ina a duniya suna yi musu liƙi. Za mu ambaci sunan uku kawai, ba don talla ba, sai don uba ko uwa su gane su idan sun gani a wayar ɗansu: LiveJasmin, wanda wani mutumin ƙasar Hangari mai suna György Gattyán ya kafa a 2001, har ya shiga sahun manyan attajiran ƙasarsu, da MyFreeCams, da kuma Chaturbate da ya fito a 2011. Ba a liƙi da kuɗin gaske a ciki. A MyFreeCams da Chaturbate, mai kallo yakan sayi wasu sulalla na kamfanin, kowane ɗaya a kan abin da ya kai kimanin sefa 60, idan ya liƙa wa mace ɗaya sai a rubuta mata kimanin sefa 30. Ke nan tun kafin a je ko'ina mai kasuwa ya ɗauke wajen rabi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A kowane lokaci dubban mata ne ke zaune suna jira, shafin farko kuwa 'yan kaɗan yake ɗauka, kuma mai kallo ba ya wahalar da yatsansa ya gangara shafi na talatin. Wa za a sa a sama? A MyFreeCams kowace mace tana da maki. Sabuwa takan fara da maki 1000, daga nan sai na'ura ta riƙa auna yawan sulallan da ta samu da tsawon lokacin da ta zauna. Wadda ta sami liƙi mai yawa cikin ɗan lokaci, makinta ya hau, a matso da ita sama. Wadda ta zauna awa biyar ba wanda ya kula ta, makinta ya faɗi, a tura ta ƙasa. To duba, mai karatu: wadda ke ƙasa ba a ganinta, wadda ba a gani ba a yi mata liƙi, wadda ba a yi wa liƙi ba makinta ya ƙara faɗuwa. Zaman jiran ma da take yi laifi ne a wurin na'ura. A Chaturbate kuma yawan masu kallo ne ya fi tasiri wajen jerin. Wadda ɗakinta ya cika ita ke bakin ƙofa, kuma duk wanda ya shigo ɗakinta zai fara faɗawa, sai ya ƙara cika. Ruwa dai ya ci gaba da kwarara inda kogi yake.

Mu malaman makaranta mun san irin wannan. Idan ka jera ɗalibai bisa sakamakon jarrabawa, na ɗaya a bencin gaba, na ƙarshe a jikin bango na baya, ka kuma riƙa yi wa na gaba kaɗai tambaya, to kafin ƙarshen shekara tazarar da ke tsakaninsu ta ninka. Ba don na bayan ba shi da ƙwaƙwalwa ba, sai don ba ya jin muryarka. Duk da haka a makaranta ana rubuta maki a takarda, uba yana iya zuwa ya ce a sake duba lissafi, kuma sabon zango yana ba kowa damar farawa. A waccan kasuwa ba a bayyana cikakken lissafin ga kowa. Wasu malamai biyu na Jami'ar Amstadam, Niels van Doorn da Olav Velthuis, sun fitar da bincike a 2018 kan masu sana'ar a Chaturbate, inda suka nuna yadda suke ta kirdado a tsakaninsu kan abin da ke ɗaga mutum da abin da ke kayar da shi, kamar manoman da ke gardamar ranar saukar damina. Kuma kamfani yana iya sauya lissafin cikin dare ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Ga wani abin da ya kamata 'ya'yanmu su ji da kyau. A 2015 wata malamar jami'a a Amurka, Angela Jones, ta yi nazarin makin nan na MyFreeCams, ta tarar da cewa baƙaƙen mata can ƙasan jeri suka fi taruwa, saman kuwa fararen fata ne suka mamaye. Ba wai an rubuta wa na'urar ta ƙi baƙar fata ba ne. Ita kuɗi take ƙidaya. To amma masu kuɗin liƙin galibinsu a Turai da Amurka suke, sai abin da ransu ya fi so ya zama shi ne doka, na'ura kuma ta ɗauki son ransu ta mai da shi lamba, lambar ta yi kama da adalci. Saboda haka duk 'yar Afirka da wani dillali ya ruɗa da cewa za ta kwashi dalar Amurka daga cikin ɗaki, ba a gaya mata cewa rumfarta tana can kusa da masu gawayi ba. Kuma sanin kowa ne, mai rumfar ƙurya ba shi da abin jan ciniki sai karya farashi, ko sayar da abin da na bakin ƙofa suka ƙi sayarwa. A wannan kasuwa kuwa, mai karatu ya san ma'anar hakan ba sai mun fassara ba.

Inda wahalar hawa jeri take, nan 'yan tsakiya ke samun abinci. A ƙasashen Romaniya da Kolombiya an buɗe gidaje masu ɗakuna da kyamarori, suna ɗaukar 'yan mata aiki da alkawarin su ne suka san sirrin na'ura. A watan Disamba na 2024 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan irin waɗannan gidaje a biranen Kolombiya. Ta ce kamfanonin intanet ɗin kan riƙe kashi 50 zuwa 65 cikin ɗari na abin da masu kallo suka biya, mai gida kuma ya ɗebi har kashi 70 na abin da ya rage. Wasu matan sun ba da labarin zaman awa 18 a gaban kyamara, da tilasta musu yin abin da ba su yarda da shi ba. Abin da ya fi ɗaure su shi ne, sau da yawa rajistar tana hannun mai gida. Ranar da mace ta ce ta gaji, to mabiyanta da matsayinta a jeri, wato gumin shekarunta, a nan za ta bar su.

Wataƙila mai karatu ya ce, to mu ina ruwanmu da Kolombiya? Ba mu ce 'ya'yanmu na Ngawundere da Garwa da Marwa suna cikin waɗancan gidaje ba, Allah Ya tsare. Abin da muke cewa shi ne, mai rabon rumfar nan yana da ƙane, kuma ƙanen ya daɗe da shigowa gidajenmu, har yana kwana a ɗakin 'yan mata. Sunansa TikTok.

Shi TikTok ba shafin batsa ba ne, dokarsa ma ta hana. Akwai wa'azi a ciki, akwai masu tallar turaren wuta da kilishi da ɗinki, akwai masu koyar da Faransanci, kuma mun san 'yan'uwa da ke cin halalinsu ta nan. Sai dai ma'aunin iri ɗaya ne. Kamfanin da kansa ya bayyana a 2020 cewa yana duba abin da mutum ya so, da wanda ya tura wa wasu, da wanda ya yi sharhi a kai, kuma kallon bidiyo har ƙarshe babbar alama ce a wurinsa. A Disamba 2021 jaridar New York Times ta ga wata takardar cikin gida da ke nuna cewa babban burin lissafin shi ne mutum ya daɗe yana kallo, gobe ma ya dawo. Ba a tambayar ko abin na kirki ne. Ana tambayar ko ya tsayar da yatsa.

Yarinya ta sa bidiyo da hijabinta tana karanta darasi, mutum 200 suka gani. Wata rana ta ɗan juya da waƙa, mayafi ya zame, kafin gari ya waye an gani sau dubu ashirin. Ba wanda ya ce mata ta cire mayafi. Babu kawali, babu tsohuwar da ta zo da saƙo. Lamba ce kawai ta yi magana, kuma yarinyar da ta iya lissafin kuɗin talla ba za ta kasa gane wannan darasi ba. Bidiyo na gaba sai ya ɗara na baya, domin abin da ya tsayar da yatsa jiya ya zama tsohon yayi yau. Ita tana ganin ita ke zaɓa, alhali horar da ita ake yi kamar yadda ake horar da ɗan maraƙi da dusa.

(A nan bari mu ɗan ratse. Ba 'yan mata kaɗai ake horarwa ba. Malamin da ya karantar da hukuncin alwala cikin natsuwa ba ya samun rabin masu kallon wanda ya kama sunan wani malami ya zazzaga masa. Wanda ya lura da yadda wa'azi ya ƙara zafi a 'yan shekarun nan, ya tambayi kansa wa ke raba rumfunan malamai.)

Har wariyar nan ma akwai ta. A watan Maris na 2020 jaridar The Intercept ta bankaɗo wasu takardu da aka ba masu tace bidiyo na TikTok, inda aka umarce su kada su tura bidiyon masu muni, ko masu ƙiba, ko wanda aka ɗauka a gidan talakawa mai tsagaggen bango, zuwa babban shafin da kowa ke gani. Kamfanin ya ce tsohuwar doka ce da aka yi don kare mutane daga tsangwama, kuma an daina aiki da ita. Mun ji. Amma wanda ya ga yadda 'ya'yanmu ke neman bangon otal ko motar wani su tsaya a gabanta kafin su ɗauki hoto, ko yadda man bilicin ke tafiya a kantuna, ya san sun riga sun haddace darasin.

Sai kuma zaman kai tsaye, inda kamannin ya cika. Mai mabiya 1000 yana iya buɗe fili, masu kallo su riƙa aiko da kyaututtuka na hoto, fure ko zaki, waɗanda da kuɗi aka saye su. Liƙin biki ne sak, har da kiran sunan wanda ya yi bajinta, sai dai babu dangi a wurin balle a ji kunyar wani. Ana haɗa mutum biyu karawa, wanda aka fi yi wa liƙi cikin 'yan mintoci shi ya ci, kuma akwai jerin waɗanda suka fi samu. Tun Nuwamba 2022 dokar kamfanin ta ce sai mai shekara 18 zai buɗe irin wannan fili, amma wa ya duba takardar haihuwa? A watan Maris na 2025 sashen binciken BBC ya nuna yadda 'yan mata a Kenya, wasu tun suna shekara 15, ke amfani da filin suna rawa da zantukan batsa don jawo maza, sannan a koma wata manhajar a ƙarasa ciniki a ɓoye. BBC ta ce wajen kashi 70 na kuɗin kyaututtukan kamfanin ke riƙewa. Da ma tun 2022 ta faɗi haka game da yaran Siriya masu bara a TikTok, kamfanin kuwa ya ce rabonsa bai kai haka ba. Duk irin kayan aikin da aka yi amfani da su a Kenya muna da su a nan: waya mai arha, WhatsApp, Orange Money da MTN MoMo, ga talauci, ga ɗalibai mata da ke zaune a ɗakunan haya na Dang nesa da iyayensu, kuɗin wata ya ƙare tun ranar goma.

'Yan'uwanmu na Kano sun ɗauki hanyar kame. Hukumar Hisbah ta yi ta kama 'yan TikTok tana gurfanar da su, har rigimar ta kai ga Sheikh Aminu Daurawa ya ajiye shugabancin hukumar a farkon Maris na 2024 bayan Gwamna Abba Kabir Yusuf ya soki yadda ake kamen, kafin a sasanta ya koma bayan 'yan kwanaki. Ba mu raina ƙoƙarinsu ba. Amma mu a nan ba mu da Hisbah, ƙasarmu ba ta shari'ar Musulunci ba ce, kuma mu Hausawa tsiraru ne a cikinta. Ko da ma muna da ita, a ganinmu an bar jaki ana dukan taiki. Duk wadda aka kama, washegari sunanta ke bakin kowa, masu neman ganin ko wace ce su yi ta tururuwa, na'ura kuma ta ga an tsaya, ta ƙara matso da ita bakin ƙofa. Kamen ya zama talla kyauta. Idan ma ta tuba ta bari, rumfar ba ta zama fanko, kafin la'asar an ba wata.

A zamanin kakanninmu, kusan kowane zango na Hausawa yana da gidan magajiya. Ba abin alfahari ba ne, amma magajiya mutum ce. Sarkin Hausawa yana iya aikawa a kira ta, ya ce 'yar wane ce ta shigo gidanki, a mayar da ita. Namijin da zai shiga gidan kuma sai ya waiga hagu da dama, domin garin yana da ido. Magajiyar yau ba ta da fuska, ba ta jin Hausa ko Fulatanci, ba ta san 'yar wane ba, kuma mai shiga gidanta yana iya kasancewa a kan tabarmarsa bayan sallar isha, iyalinsa na gefe.

Wannan ya kawo mu ga ɓangaren da ba mu cika son ji ba. Na'ura ba ta da sha'awa. Abin da take aunawa namu ne. Ba Turawa ne ke kallon 'yar Hausa mai rawa da waƙar Hausa ba, mu ne: magidanta, da samari, da masu babur na haya lokacin jiran fasinja, da 'yan kasuwa idan rana ta yi tsaka. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, na'urar ba ta bambanta yabo da zagi. Wanda ya rubuta "Allah Ya shirye ki" da wanda ya rubuta kalmar banza, duk sharhi ɗaya ɗaya ta ƙidaya. Wanda ya kalli bidiyon sau uku don ya tabbatar da munin abin, an rubuta masa kallo uku. Wanda ya tura shi zauren WhatsApp na 'yan unguwa da salati a kai, ya yi wa yarinyar aikin da ko maroƙi ba zai yi mata ba. Muna tsine wa kasuwa da baki, muna biyan kuɗin rumfa da yatsa.

Idan kuma abin ya ɓaci, ita kaɗai ke ɗauka. Abin da aka yi kai tsaye ba ya wucewa kamar yadda yara ke zato. Akwai masu naɗewa, su ajiye, su dawo da shi ranar da aka sa mata rana, ko su riƙa karɓar kuɗi da barazanar watsawa. A nan ya kamata iyaye su san cewa Kamaru tana da doka. Akwai doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamba 2010 kan tsaron intanet da laifuffukan da ake yi ta cikinsa, akwai kuma mai lamba 2023/009 ta 25 ga Yuli 2023 kan kare yara a intanet, sannan ga hukumar ANTIC da ke karɓar ƙorafi. Al'adarmu ita ce a rufe, a biya mai barazana, a yi wa yarinya dukan kawo wuƙa, a aurar da ita da gaggawa. Mai barazanar kuwa ya koma kan 'yar maƙwabci. Zuwa ofishin 'yan sanda ko jandarma da hotunan saƙonninsa da lambar da ya ce a tura kuɗi ya fi wannan, ko da yake mun san nauyin hakan ga mai 'ya mace.

Ƙwace waya ba ya magani, ta ƙawa tana nan. Muna roƙon ƙungiyoyin iyayen yara na makarantunmu, na boko da na Islamiyya, su ware zama ɗaya a wannan zango, a samo matashin da ya san abin, ya buɗe waya a gaban iyaye mata musamman, ya nuna musu inda ake ganin yawan masu kallo, da inda kyaututtuka ke shiga, da yadda ake haɗa wayar uwa da ta 'yarta a cikin TikTok don taƙaita lokaci da saƙonni, abin da kamfanin ya samar tun 2020. A kuma zauna da 'yan matan a yi musu lissafin nan na sefa 60 da sefa 30 a kan allo, domin yarinyar da ta gane cewa wani ne ke cin kasuwa da ita ta fi saurin ja da baya a kan wadda aka yi wa tsawa kawai. Limamanmu na Juma'a kuma, da suka saba fuskantar mata da wannan magana, muna fata su juyo ga sahun gaba, su gaya wa maza cewa idan irin wannan bidiyo ya faɗo musu, kada su yi sharhi, kada su tura wa kowa. A danna shi a riƙe na ɗan lokaci, wani rubutu zai fito mai cewa ba a sha'awar irinsa, a taɓa nan a wuce.

Wanda ke da abin cewa, musamman iyaye mata da su 'yan matan kansu, ya aiko da wasiƙa ta ofishin wannan mujalla, za mu buga ba tare da suna ba. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.